Ganyen mastad a buhu, wa ya taɓa shukawa a nan Gombe?

Maman Biyu: Assalamu alaikum mutanen zaure, barkanmu da yamma. Dan Allah wa ya taɓa shuka ganyen mastad a cikin gida? Ƙanin maigidana ne ya dawo daga karatu a Indiya ya zo mana da fakiti biyu na irin, wai can miya suke yi da shi, ni kuma kun san gidajenmu na Tumfure tsakar gidan duk siminti ne, buhuna kawai nake da su. Zai yi a buhu? Kuma yanzu ne lokacin ko in jira damina?

Goggon Jekadafari: Wa alaikumus salam. Mastad kuma? Yau na fara jin wannan suna a kunnena

Ɗan Kwadon: Goggo ɗan uwan kabeji ne, gidansu ɗaya da lansir ma. Ganyen faɗi gare shi amma in kin tauna ɗanye yajin lansir ɗin nan za ki ji, har ya ɗan hau miki hanci

Goggon Jekadafari: Ahaf, ashe lansir ne ya yi ƙiba

Amaryar Bolari: 😂😂 Goggo kenan

Ɗan Kwadon: Maman Biyu kar ki jira damina, yanzu da sanyi ya fara busowa shi ne lokacinsa. Daga farkon Nuwamban nan zuwa tsakiyar Janairu

Adda Pantami: Ƙanwata tsaya ki ji nawa labarin kafin ki buɗe fakitin nan, dan wlh ni na sha wahalar ganyen nan bara kuma har yau abin yana min ciwo in na tuna. Ni a wani shagon kayan noma na saya, na tambayi yaron shagon yaushe ake shukawa yace min Hajiya ai kowane lokaci kamar alayyafo ne, ruwa kawai yake so. Toh na yarda da shi. Ƙarshen Fabrairu na shuka, buhu takwas na jera a jikin katangar yamma inda rana take duka tun azahar har la'asar, dan a tunanina ai ganye rana yake so. Kwana huɗu ya fito tsaf gwanin sha'awa, har na ɗauki hoto na tura wa 'yan uwa. Sati uku yana kyau. Muna shiga ƙarshen Maris zafin nan namu ya sauko, sai na ga tsakiyar kowane gindi ya fara fitar da wani dogon kara, ganyen da ke fitowa sabo sai ƙanana sirara, kafin sati ɗaya duk ya yi fure rawaya. Na ce toh bari in tsinki abin da ya samu in dafa, wlh ɗaci da yaji kamar an zuba magani, yaran ko loma biyu ba su yi ba, maigida ya yi shiru ya ture kwanon. Ga kuma darɓa ta lulluɓe bayan ganyen, toka-toka haka, ganye duk ya nannaɗe yana danƙo. Kuma duk wannan da ruwan saye nake ban-ruwa, kun san yadda Pantami take a watan Maris, kullum sai na tsayar da mai kura, jarka biyu ta lambu daban. Da na koma shagon nake faɗa masa sai ce min ya yi wai ƙila hannuna ne. Hannuna! Ni da nake shuka rama da yakuwa tun ina gidanmu. Daga baya ne wani tsoho da ke lambu a hanyar Dadin Kowa ya ce min 'yata wannan ba alayyafo ba ne, shi alayyafo zafi ne abincinsa, wannan kuwa da ya ji zafi sai ya ɗauka ajalinsa ya zo ya yi sauri ya yi fure ya bar iri. Shi ya sa nake ce miki in za ki shuka ki shuka yanzu yanzu, kar ki ƙara sati biyu kina shawara, kuma ki nisanta shi da katangar da rana ke gasawa da yamma

Maman Biyu: Innalillahi, sannu Adda. Allah ya mayar da alheri

Goggon Jekadafari: Allah sarki, buhu takwas fa. Sannu

Amaryar Bolari: Masu shagon nan wasu ba ruwansu, su dai a saya

Mai Iri Na Babbar Kasuwa: A'a Amarya kar a haɗa mu duka, ni duk wanda ya zo sai na tambaye shi wata nawa zai shuka kuma ina nuna masa kwanan watan da ke bayan fakiti

Amaryar Bolari: Ai shi ya sa na ce wasu

Hamma Dadin Kowa: Slm. Yanzu na dawo daga gona na tarar da maganar. Abin da Adda ta faɗa haka yake ba ƙari. Ni shekara uku kenan ina saka shi fangali biyu a gefen kabejina, kuma a buhu ma yana yi sosai dan saiwarsa ba ta nisa. Ga yadda za ki yi Maman Biyu. Ki samu buhun shinkafa ko na masara, ki naɗe bakinsa ƙasa ya rage kamar kamu ɗaya da rabi, ki huda gindin wuri biyar ko shida dan ruwa ya riƙa fita. Ƙasar kuma kashi biyu ƙasa mai kyau kashi ɗaya taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, in ƙasarki mai danƙo ce ki ƙara yashi kaɗan, amma yawancin ƙasar cikin gari ai yashi ya riga ya yi mata yawa, taki take nema. Ki jiƙa buhun ki bar shi kwana biyu. Irin ƙanana ne ƙwarai, kar ki binne shi da nisa, santimita 1 ya isa, wato ki ja layi da ɗan yatsa ki zuba ki rufe da ƙasa sama-sama. Masu tona rami kamar na masara su ne suke zuwa suna cewa iri ya mutu. Kwana 3 zuwa 7 zai fito. In ya yi ganye huɗu sai ki rage, nan ne mata suke jin tausayi su ƙi cirewa, toh in ba ki rage ba duk za su tashi sirara kamar tsintsiya. Tsakanin gindi da gindi ki bar santimita 15 zuwa 20 in ƙananan ganye kike so, in manya kike so har 30, kenan buhu ɗaya gindi uku ko huɗu ya ishe shi. Waɗanda kika cire kar ki zubar, ki wanke ki yi kwaɗo da su ko ki dasa a wani buhun da yamma. Sati uku zuwa huɗu kin fara tsinkar ƙanana, kwana 40 zuwa 50 ya cika. Kuma kar ki tuge gindin, ganyen waje za ki riƙa yanka ki bar zuciyar tana turo sabo

Maman Biyu: Masha Allah Hamma, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Na ajiye wannan

Hamma Dadin Kowa: Amin. Na manta, kar ki zuba fakitin duka rana ɗaya. Buhu biyu yau, bayan sati biyu ki ƙara biyu, a haka za ki yi ta ci har Fabrairu

Ɗan Kwadon: Kuma ta gauraya irin da yashi kafin ta zuba, kamar yadda ake wa alayyafo, ba zai taru wuri ɗaya ba

Bappa Herwagana: Buhun siminti fa? Ina da su da yawa tun ginin bara

Hamma Dadin Kowa: Bappa a wanke shi tas tukuna, in da na abinci ya fi

Malam Na Arawa: Assalamu alaikum. Ina bin maganar nan tun ɗazu, wai shin ba shi ne khardal ba? Wanda Allah ya ambaci ƙwayarsa a Suratu Luƙman aya ta 16 da Suratul Anbiya aya ta 47, habbatin min khardal, misalin abu mafi ƙanƙanta

Ɗan Kwadon: Shi ne Malam, ƙwayar mastad ita ce khardal da Larabci

Malam Na Arawa: Allahu Akbar. Shekara nawa muna karanta ayar ban taɓa ganin ganyen da ido ba. Maman Biyu in ya fito dan Allah a aiko min ko gindi ɗaya in nuna wa ɗalibai

Mama Billiri: Mu ma a Linjila akwai shi, Matiyu sura 13, misalin ƙwayar mastad. Ni ma a ajiye min nawa

Maman Biyu: Insha Allah Malam, Mama ke ma naki yana nan

Amaryar Bolari: Toh ai kuwa ana sayar da khardal a shagunan maganin Musulunci, a ƙaramar leda. Ba sai mutum ya saya ya watsa ba?

Hamma Dadin Kowa: Zai iya fitowa in bai tsufa ba, amma ba lallai ki samu mai faɗin ganye ba. Mastad kala-kala ne, akwai wanda dan ƙwayar ake nomansa, shi ganyensa kaɗan ne da kaushi kuma da wuri yake fure. Na ganye daban aka zaɓo shi, irin su Florida Broadleaf da Southern Giant Curled mai lanƙwasasshen baki, akwai kuma Red Giant mai ja-ja

Ɗan Kwadon: In kina shakkar iri ki ɗebi ƙwaya goma ki sa a tsumma mai laima ki rufe, bayan kwana biyar ki ƙirga nawa suka tsaga. In bai kai rabi ba kar ki ɓata buhunki

Anti Nas: Sai dai a kula da akasin haka, irin da ke cikin fakiti in kun ga an rina shi ja ko shuɗi ko kore magani ne a jiki, na shuka ne kawai, kar wani ya ce zai daka ya sha ko ya sa a abinci. A ɓoye wa yara

Goggon Jekadafari: Gaskiya ne, jikokina komai suka gani a leda alewa ce

Yaya Babba: Ni duk ba wannan ba, maganar darɓar da Adda ta yi. Ku daina wahalar da kanku, ku sayi maganin feshi irin wanda muke yi wa wake, sau ɗaya za ka fesa ko ƙuda ba zai sake sauka ba

Anti Nas: Haba Yaya Babba. Maganin wake a kan ganyen da za a tsinka gobe a ba yara?

Yaya Babba: Toh kabejin da kike saya a kasuwa da me kike zaton ake feshe shi? Da zamzam?

Anti Nas: Ai shi ya sa mutum yake shuka nasa a gida, dan ya san abin da ya ci. Kowane magani akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar da za a jira kafin a girba, wa yake karantawa? Shi wannan ganyen kuma duk bayan kwana uku ana yanka, yaushe za a jira? Mu ne muke ganin masu amai da gudawa da jiri in an kawo su, wani ma a kwalbar lemo yake ajiye maganin a ɗaki

Yaya Babba: Ni shekara ashirin ina feshi ban kashe kowa ba

Adda Pantami: Yaya gona daban tsakar gida daban, a nan fa yara ke rarrafe kaji ke kiwo

Yaya Babba: Toh shikenan ku je ku yi ta wanke ganye ɗaya ɗaya da hannu

Hamma Dadin Kowa: Yaya ai a buhu huɗu wankewa da hannun ma ba aiki ba ne. Duk safiya in za ki ba da ruwa ki ɗaga ganyen ki duba bayansa, nan darɓa take fara taruwa, tun tana kaɗan ki murje da yatsa ko ki watsa mata ruwa da ƙarfi. In ta fi haka ki samu 'ya'yan dogon yaro busassu ki ɓare ki daka, kamar giram 50 a ruwa lita 1, ki jiƙa ya kwana, da safe ki tace da tsumma ki ɗan kaɗa sabulun wanki na sanda kaɗan a ciki dan ya kama ganye, ki fesa da yamma in rana ta yi sanyi, sama da ƙasan ganyen. Duk sati. In ba 'ya'yan ganyen ma ana dakawa amma bai kai su ƙarfi ba. Babbar matsalar ma ba darɓa ba ce, wata 'yar koriyar tsutsa ce ta kabeji, ƙarama, in kin taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil ta sauko da zare kamar gizo-gizo, tana cin ganye ta ƙasa ta bar shi kamar an manna leda a ramin. Ita wannan ko mu masu feshi ta gagare mu, dan ta saba da magunguna da yawa, sai ka fesa ka dawo ka tarar tana nan. Yaya kai ma ka sani

Yaya Babba: Wannan kam gaskiya ne, tsutsar kabeji ba ta jin magani

Anti Nas: Alhamdulillah an zo wurin

Admin: Dan Allah a yi haƙuri da juna, duk gyara ake nema

Goggon Jekadafari: Mu a da toka muke barbaɗawa da sassafe lokacin da raɓa take jikin ganye

Ɗan Kwadon: Har yanzu tana aiki Goggo, musamman ga ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya. Sai dai kar a cika

Amaryar Bolari: Ni kam matsalata ƙadangaru ne, latas ɗina ko kwana biyu bai yi da fitowa ba suka aske shi tas

Mama Billiri: Tsohon gidan sauro ki samu ki kafa sanduna huɗu ki rufa, ki danne gefen da duwatsu. Ƙadangare, kaza, tsuntsu har malam buɗe littafin da ke saka ƙwan tsutsar duk ya tare

Amaryar Bolari: Tsoho fa Mama, kar su Anti Nas su kama mu mun cire na kan gado

Anti Nas: Na ji ki 😂 wanda ya yage ya gama aiki kawai

Bappa Herwagana: Akuyar maƙwabci fa, ita wane gidan sauro ne zai tare ta? Zogalena uku ta cinye, na yi magana an ce dabba ce ba ta da hankali

Kanuri Na Gidan Gona: Bappa ai ku Fulani ne kuka koya wa dabbobin cin gonar mutane, yau ta zo kanku

Bappa Herwagana: Ji bawana yana magana, kawo min goro tukuna kafin in amsa maka

Kanuri Na Gidan Gona: Sai dai in kawo maka ƙosai, na san shi ne maganinka

Goggon Jekadafari: Kun fara ko 😂

Admin: Bappa da Kanuri a koma kan ganye

Adda Pantami: Hamma ni tambayata taki. Bara kashin kaji na saka sabo daga keji, ko shi ma ya taimaka wajen lalacewar?

Hamma Dadin Kowa: Sosai ma Adda. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙona saiwa, sai kin tara shi kin jiƙa kina juyawa ya yi kamar wata biyu. Kuma ganyen da wani za a ci ɗanye bai kamata ɗanyen kashi ya taɓa shi ba. Na shanu ko na awaki da ya daɗe ya fi sauƙi. In kin ga ganyen ƙasa yana rawaya bayan kin fara yanka, yunwa ce, ki ƙara tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a gefe. Mai son na zamani ɗan yuriya kaɗan a narka a ruwa, rabin ƙaramin cokali a bokiti ya isa, kar ya taɓa ganye

Adda Pantami: Toh ka ga abu biyu kenan suka haɗu min, zafi da ɗanyen taki. Bana zan sake gwadawa insha Allah, buhu biyu kawai

Ɗan Kwadon: Maganar ruwa kuma, iskar hunturu tana busar da buhu da wuri fiye da ƙasa, safe da yamma za a ba shi. In ya sha ƙishi ko sau biyu ne yaji yake ƙarawa kuma ya yi saurin fure. A rufa saman ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa

Mama Billiri: Amma lokacin da yake jariri kar a cika ruwa, nawa na kabeji haka suka yi ta faɗuwa, gindin ya sirance ya yi baƙi kamar an tsunkule

Hamma Dadin Kowa: Eh wannan yawan laima ne da cunkoso. Gwangwanin madara a huda gindinsa da ƙusa a riƙa yayyafawa, ba a kwara da bokiti ba

Amaryar Bolari: Ruwan wanke-wanke fa? Mu famfonmu sai ya ga dama

Ɗan Kwadon: Na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya da na alwala duk suna yi. Mai garin sabulu ko mai maiƙo kar ki zuba

Bappa Herwagana: Ga dam a Dadin Kowa ga mu muna sayen ruwa a kura, Allah dai ya kyauta

Yaya Babba: Bappa kar ka tayar da wannan, sai mu kwana a nan

Goggon Jekadafari: Ni fa duk kun yi ta shuka ba wanda ya ce yadda ake ci. In ɗaci gare shi kamar na Adda me za a yi da shi?

Maman Biyu: Goggo shi ƙanin maigidan yace a can yankin Punjab suna dafa shi ya yi laushi sosai tare da alayyafonsu, su tuƙe shi da ɗan garin masara, su sa man shanu da citta da tafarnuwa, sarson ka saag suke ce masa, da gurasar masara ake ci kuma abincin lokacin sanyi ne

Goggon Jekadafari: Man shanu da garin masara? Ai waɗannan 'yan uwanmu ne, a ba su tuwo kawai

Mama Billiri: Ni na ci a Jos wajen wata 'yar uwa, ta yanka ƙanana ta soya da albasa da attaruhu da ɗan kifi busasshe, minti kaɗan ta sauke, da doya muka ci. Yajin yana raguwa sosai in ya ji wuta

Hamma Dadin Kowa: A gidana kwaɗo ake yi. A tafasa ruwa a jefa ganyen minti biyu ko uku a tsame a matse, sai ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir kamar dai kwaɗon rama. A miyar gyaɗa ma yana shiga, rabi shi rabi alayyafo. Ƙananan ganyen na sati uku kuwa ko tafasawa ba a yi, kamar lansir ake ci

Adda Pantami: Wanda ya saba da gasaya ba zai ji komai ba ai

Goggon Jekadafari: Toh in dai bai wuce gasaya ba ku kawo

Anti Nas: Ganye ne mai amfani, akwai bitamin A da C da K da yawa. Amma saboda K ɗin, duk mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kar ya tashi rana ɗaya ya fara cin kwano guda kullum, ya fara gaya wa likitansa. Haka ma alayyafo da zogale

Malam Na Arawa: Allah ya saka Anti, wannan faɗakarwa ce

Yaya Babba: Yana maganin suga?

Anti Nas: Abinci ne Yaya, ka ci gaba da shan maganinka

Mai Iri Na Babbar Kasuwa: Masu tambayata ta gefe, a'a ba ni da shi yanzu, ba a cika nemansa a nan ba shi ya sa ba ma ajiyewa. Amma masu zuwa Jos saro irin kabeji da karas in an ba su saƙo suna dubawa

Amaryar Bolari: Toh Maman Biyu ke ce dillaliyarmu, fakiti biyu ai ya ishi zauren nan duka

Ɗan Kwadon: Wlh ya isa, ƙwaya ɗaruruwa ce a fakiti ɗaya. Rabin murfin kwalba ya ishi mutum

Hamma Dadin Kowa: Kuma ba sai an sake jiran ɗan Indiya ba. Cikin waɗanda kika shuka ki ware gindi biyu ko uku mafi kyau, waɗanda suka fi daɗewa ba su yi fure ba, kar ki ɗebi iri a jikin wanda ya riga kowa fure dan 'ya'yansa ma haka za su yi. Ki bar su zafin Maris ya same su su yi furen, za su yi 'yan kwanso sirara, in sun fara zama ruwan ƙasa ki yanke karan tun kafin su fashe da kansu, ki sa a buhu ki rataye a inuwa, in sun bushe ki murje ki sheƙe. A kwalba mai murfi wuri mai sanyi yana kai shekara uku zuwa huɗu. Sai dai in an rubuta F1 a fakitin, shi wannan 'ya'yansa ba sa fitowa daidai da uwar

Maman Biyu: Bari in duba. Ba F1 a jiki, hoton ganye ne kawai da rubutunsu

Adda Pantami: Da na san haka bara ai da na tara iri, nawa duk furen suka yi na tuge na watsa wa awaki dan haushi

Hamma Dadin Kowa: Ba ki yi asara ba Adda, ba ki san wanne ne mai jinkiri a cikinsu ba tunda zafi ne ya kore su gaba ɗaya

Bappa Herwagana: Kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa fa, ba sa sayar da dashe?

Hamma Dadin Kowa: Sai na tambaya Bappa, in na bi ta wajen ranar kasuwa

Kanuri Na Gidan Gona: Bappa kai da ko akuya ba ka iya tarewa ba me za ka yi da dashe

Bappa Herwagana: Admin ka gani ko, shi ya fara

Maman Biyu: Toh ni dai gobe insha Allah zan cika buhu biyu. Abu ɗaya ya rage, tsakar gidan namu rana tana shigowa daga safe zuwa wajen sha biyu ne kawai sai inuwar bene ta rufe, zai ishe shi?

Ɗan Kwadon: Wannan ai ita ce ya fi so, ranar safe inuwar yamma. Ki ɗora buhunan a kan bulo ko katako kar su zauna kan siminti kai tsaye

Amaryar Bolari: Maman Biyu zan aiko yaro bayan la'asar da 'yar kwalba

Mama Billiri: Ni sai Asabar in na shigo gari

Goggon Jekadafari: Wai wa ke da irin yakuwa ja? Tawa fara ce duk